Yadda ɗan kasuwa da ma'aikaci za su saba da rubutu kullum ta hanyar lura da abin da ke gabansu

A farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙarancin da mutane da yawa ba su taɓa ganin irinsa ba. Masu kuɗi a banki sun rasa na cefane, layuka sun miƙe a bakin na'urorin ATM tun kafin Asuba, masu POS kuma suka zama mutanen da ake yi wa fadanci. Duk wanda ya rayu a birni a watannin nan yana da labarin da zai bayar.

To amma mai karatu ya gwada kansa. Nawa mai POS na unguwarku ya caje ka a kan Naira 5,000 a makon da abin ya fi tsanani? Me dattijuwar da ke gabanka a layi ta faɗa lokacin da aka ce kuɗin na'ura ya ƙare? Da wane lafazi mai nama ya ƙi karɓar tsohuwar takarda? Akasarinmu abin da ya rage mana shi ne jimla guda, wato an sha wahala. Fuskokin da maganganun da ƙananan dabarun da mutane suka yi don su ci abinci sun riga sun fara gogewa, alhali kuwa da su ake gina labari.

Wannan asara ce da ke maimaita kanta kullum a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da Kasuwar Barci ta Kaduna da Wuse ta Abuja, da kowace sakatariyar gwamnati. Mutanen da suka fi kowa ganin rayuwa ido da ido su ne suka fi ƙarancin rubuta ta. Da yawansu suna da sha'awar rubutu, wasu ma tun suna sakandare, sai dai kullum dalili biyu ake kawowa: babu lokaci, kuma ba a san abin da za a rubuta ba. Dalilan biyu suna da magani guda, shi ne mutum ya riƙa rubuta ɗan abin da idonsa ya gani da wanda kunnensa ya ji, kaɗan-kaɗan, a kowace rana.

Waɗanda suka yi rubutu suna kan aiki

Akwai zaton da ya zauna a zukata cewa marubuci mutum ne da ya keɓe kansa, ba shi da shago ba shi da maigida, yana zaune yana jiran ilhama. Tarihin adabi bai goyi bayan wannan zato ba.

Lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, waɗanda suka amsa kiran mutane ne masu aikin yi. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, bai wuce shekara 22 ba, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar. Daga wannan gasa ce kuma aka samu Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

A Masar, Najib Mahfuz ya shafe fiye da shekara 30 yana aikin gwamnati, ciki har da Ma'aikatar Wakafi, har ya yi ritaya a farkon shekarun 1970. An san shi da ƙayyade sa'o'in rubutu bayan tashi daga ofis, da yawo a ƙafa cikin Alƙahira, da zama a gidajen gahawa yana sauraron mutane. Littafinsa Zuƙaƙul Midaƙ na 1947 ya ginu ne a kan wani ɗan lungu da ke kusa da kasuwar Khan al-Khalili ba: mai gahawa da wanzami da mai sayar da alawa da sauran mazauna lungun su ne jaruman. Wannan ma'aikacin gwamnati shi ne ya karɓi lambar Nobel ta adabi a 1988, marubucin Larabci na farko da ya same ta.

A Ingila kuwa, Anthony Trollope ya yi aiki da gidan waya daga 1834 zuwa 1867. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa ya bayyana cewa yana zama kan tebur da ƙarfe 5:30 na safe, ya ajiye agogo a gabansa, ya wajabta wa kansa kalma 250 a kowane minti 15, sannan ya tashi ya tafi aiki. Da haka ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47.

Ba a kawo waɗannan sunaye don a ce kowa zai zama irinsu ba. Abin lura shi ne aikin albashi bai hana su ba, hasali ma shi ya riƙa kai su cikin mutane. Wanda ke zaune a shago yana hulɗa da mutum 100 a yini, ko wanda ke karɓar koken 'yan fansho a tebur, yana da abin da marubucin da ya kulle kansa a ɗaki zai yi fatan samu.

Littafin bashi da littafin lura

Ɗan kasuwa ya riga ya mallaki ɗabi'ar da ake nema, sai dai bai ɗauke ta rubutu ba. Babu mai shagon kirki da zai rufe ƙofa da yamma bai shigar da cinikin ranar ba: wane ya karɓi kaza, ya biya kaza, saura kaza. Ba ya jiran sai ransa ya so kafin ya yi, kuma ba ya barin na Litinin ya haɗu da na Alhamis, domin ya san kai ba ya riƙe lissafi. Haka ma'aikaci yake da rajistar shiga da fitar fayil.

Abin da ake buƙata shi ne littafi na biyu a gefen na farko. A kira shi littafin lura. Ƙaramin littafi mai shiga aljihu ya isa, ko kuma manhajar rubutu da ke cikin waya. A cikinsa za a riƙa shigar da abu guda a kowace rana, wanda aka gani ko aka ji, cikin layi 5 zuwa 10. Sharaɗinsa irin na littafin bashi ne: a rubuta a ranar, a sa kwanan wata, a faɗi abu yadda yake.

Lissafin mai sauƙi ne. Wanda ya rubuta kalma 150 a rana, ya yi haka kwana 300 a shekara, ya tara kalma 45,000, wato tsawon matsakaicin littafi. Kalma 150 kuwa ba ta kai yawan abin da mutum ke aikawa a WhatsApp tsakanin Azahar da La'asar ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Dalilin farawa da kaɗan shi ne ɗabi'a ba ta zama da abin da ke da nauyi. Wanda ya yi alƙawarin shafi biyar kullum zai cika kwana uku, a na huɗu baƙi su zo, a na biyar ya ji kunyar littafin, daga nan sai labari. Wanda ya ce layi biyar kuwa zai iya cikawa ko a ranar da ya dawo daga jana'iza.

Bambancin gani da lura

Kowa yana gani, amma ido ya saba da taƙaitawa. Idan aka tambayi mutum yadda kasuwa ta kasance, amsar ba ta wuce "alhamdulillahi" ko "sai a hankali." Mai koyon rubutu yakan ɗauko wannan taƙaitawa ya zuba a takarda, sai ka ga ya rubuta: "Yau kasuwa ta yi cunkoso, mutane suna cikin matsi, kaya sun yi tsada." Duk gaskiya ne, amma jimlar za ta dace da kowace kasuwa a kowace shekara, don haka ba ta nuna wa mai karatu komai ba.

Ga misalin yadda za a iya rubuta ranar guda ta wata hanya: "Wani dattijo ya taya shadda yadi biyar sau uku, ana ce masa albarka. Da zai tafi ya shafa ta da bayan hannu, ya ce wa yaron shago ɗansa ne zai yi saukar karatu ranar Asabar. Bai saya ba. Ya manta sandarsa a jikin benci, sai da aka bi shi da ita."

A nan ba a ambaci tsada ba, ba a ambaci matsi ba, amma mai karatu ya ji su fiye da yadda ya ji a jimlar farko. Sandar da aka manta ta faɗi inda hankalin dattijon yake. Wannan shi ne dukkan sirrin lura: a bar hukunci, a kawo abin da ya sa aka yi hukuncin. Idan za ka ce wane marowaci ne, dakata ka tambayi kanka me ka ga ya yi. Wataƙila yana juya wa ƙofa baya idan zai ɓare goro. To rubuta wannan, ka bar wa mai karatu kalmar rowa ya furta da kansa.

Ma'aikaci ma yana da irin nasa. Misali: "Masinjanmu yana riƙe fayil ɗin da aka yi watsi da shi da yatsu biyu, yana kaɗa shi kamar mafici. Wanda Darakta ke jira kuwa sai ya rungume shi a ƙirji." Wanda bai taɓa shiga sakatariya ba ya fahimci wani abu game da yadda iko ke tafiya a ofis daga waɗannan layuka biyu.

Akwai abubuwan da suka fi saurin ba da amfani idan aka sa musu ido. Hannu yana cikinsu, domin fuska tana iya ɓoye abu, hannu kuwa ba ya iyawa: yadda ake ƙirga kuɗi, yadda ake miƙa takardar neman aiki, yadda mai awo ke shafe bakin mudu. Haka kuma abin da ya sauya daga jiya zuwa yau, kamar maƙwabcin da ya daina sayen shayi da ƙwai ya koma shayi zalla. Sai kuma abin da ya saɓa wa wurinsa, kamar sabon takalmi a ƙafar ɗan dako. Kada a manta da hanci da kunne: warin sabuwar atamfa da aka kwance daga dila, ƙarar janareto goma da suka tashi lokaci guda bayan an ɗauke wuta, shirun da ke sauka a layi idan aka tayar da sallah.

Wannan ƙwarewa ce ta sa Magana Jari Ce ya zauna a zukatan Hausawa. Masu nazari sun daɗe da nuna cewa da yawa daga labaran da ke cikinsa Abubakar Imam ya samo tushensu ne daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya. Amma ya sanya musu fada da fadawa, da kasuwa da alƙali, da irin zancen da ya ji da kunnensa, har mai karatu ba ya jin baƙuncinsu. Ƙashin labari ana iya aro shi. Naman da za a lulluɓe shi da shi kuwa sai wanda mutum ya tara da idonsa.

Kunne

Inda sababbin marubuta suka fi tuntuɓe shi ne wajen sa wa mutane magana a baki. Sai ka ga ɗan dako da farfesa da amarya duk suna magana da murya ɗaya, wadda ita ce muryar marubucin. Maganin wannan yana kasuwa da tasha da layin asibiti.

A kowace rana a yi ƙoƙarin kama jimla guda yadda aka faɗe ta, ba tare da an gyara mata nahawu ba. Basakkwace zai ce "mi" inda Bakano ke cewa "me," ya ce "shina" a maimakon "yana," ya ce "ɗiya" inda wani zai ce "'ya." Dillali yana da kalmominsa, ɗan kamasho yana da nasa, ma'aikaci yana cusa Turanci a wuraren da ba ya ma sanin ya cusa. Mai sayen da ya ce "bari in zaga in dawo" kowa ya san ba zai dawo ba, kuma mai shagon da ya amsa da "Allah Ya kawo ka" shi ma ya sani. Hausawa suna yawan faɗin abu ta gefe, musamman a kan kuɗi da aure da rashin lafiya. Marubucin da ya iya kama wannan kewaye-kewaye ya kama rabin halayyar mutanensa.

Wannan kusanci da bakin mutane yana cikin abin da ya ɗaukaka littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980. Masu suka sun yi ta kushe su, amma mata da matasa sun yi ta saye, domin sun ji muryar gidajensu a ciki. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne daga rayuwar cikin gida da ta sani ciki da bai. Na ƙarshen an fassara shi zuwa Turanci a 2012, wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga shi. Abin da ya kai littafin can shi ne ta san tsakar gidan da take magana a kai.

Wane lokaci?

Lokacin rubutu ba a samunsa a sarari, sai an jingina shi da wani abu da mutum ya riga ya saba yi kullum. Wanda ya ce zai rubuta idan ya samu sukuni zai shekara bai rubuta ba. Wanda ya ce zai rubuta da zarar ya rufe littafin ciniki, kafin ya sa kwaɗo, ya ba abin gurbi.

Ga ɗan kasuwa, akwai ɗan tsakanin buɗe shago da zuwan mai saye na farko, akwai kuma lafawar da ake samu da tsakar rana. Ga ma'aikacin da ke shigowa Abuja daga Mararraba ko Nyanya ko Kubwa, cunkoson hanya kaɗai ya isa a rubuta layi goma a waya, in dai ba shi ke tuƙi ba. Ga uwargidan da ke aiki ko sana'a, sau da yawa bayan yara sun kwanta ne, ko bayan Asuba kafin gida ya tashi. Kowa ya duba yininsa ya zaɓi gurbi guda, ya riƙe shi. Minti 15 ya isa.

Idan abu ya faru a gabanka kuma hannunka yana cikin aiki, kalma uku sun isa su riƙe maka shi har dare: "dattijo, shadda, sanda." Wasu sun fi son su naɗi muryarsu a waya. Babu laifi, amma a mayar da shi rubutu a ranar, domin saƙon murya da ya kwana bakwai ba a komawa kansa.

Mai rubutu a waya ya sa allon rubutu na Hausa, wanda ake samu a Gboard da makamantansa, don ya saba da haruffa masu lanƙwasa tun daga farko. Akwai tazara tsakanin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari. Wanda ya saba da barin su zai sha wahalar gyara ranar da ya tashi fitar da littafi.

Ranakun da za a tsallake kuwa suna nan tafe. Kasuwar Sallah za ta zo, aikin kasafin kuɗi na ƙarshen shekara zai zo, rashin lafiya za ta zo. Abin da ke kashe ɗabi'ar shi ne mutum ya ce sai ya rama kwanakin da suka wuce. Wannan littafi ba a bin sa bashi. A buɗe sabon shafi, a sa kwanan watan yau, a ci gaba.

Daga lura zuwa labari

Littafin lura rumbu ne, ba a cin hatsi sai an surfa an niƙa. Sau ɗaya a mako, a ranar da aiki ya yi sauƙi, a zauna a karanta abin da aka tara. Cikin abu shida ko bakwai, za a tarar guda yana jan hankali fiye da sauran. A ɗauke shi a yi masa tambayoyi: me wannan mutum yake so? Me ya tare masa hanya? Me zai yi a kai?

A koma ga dattijon shadda. Yana so ɗansa ya fito cikin sabuwar riga ranar sauka. Kuɗinsa ba su kai ba. Daga nan ido ya gama aikinsa, sai ƙirƙira ta karɓa. Wataƙila ya je wurin ƙaninsa mai hali wanda suka shekara biyu ba sa magana. Wataƙila ya kai babbar rigarsa ta aure wurin tela a rage ta. Wataƙila yaron shagon da ya bi shi da sanda ya yanke shawarar da za ta jawo masa matsala da maigidansa. Kowace hanya labari ce, kuma dukkansu sun tsaya a kan abu na gaskiya da aka gani.

Bayan wata biyu ko uku za a fara ganin wani abu: lura daban-daban suna neman junansu. Maganar da aka ji a tasha a watan jiya ta dace da bakin matar da aka gani a asibiti a makon nan. Haka ake gina mutum a labari, a ɗauko tafiyar wane, da muryar wance, da matsalar wani na uku. Za a kuma gane abin da ido ya fi komawa kansa. Wani zai tarar rabin littafinsa a kan bashi ne, wata ta tarar a kan zaman kishiyoyi ne, wani a kan tsufa. Wannan shi ne jigon mutum, kuma bai zaɓe shi da gangan ba, lura ce ta tono shi.

Yana da kyau a sa wa kai wani buri mai iyaka. Gajeren labari guda a wata buri ne da mai aiki zai iya cimmawa. Ga mata akwai gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda labaranta ke tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, wato abin da mai rubuta kalma 150 a rana zai tara cikin kwana goma. Akwai kuma Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, mai rassa a jihohi, inda marubuta ke haɗuwa su karanta wa juna ayyukansu. Karanta labari a gaban mutane yana nuna wa marubuci inda aka yi dariya da inda aka fara duba waya, kuma babu malamin da ya kai wannan.

Sai karatu. Mai lura da ba ya karatu kamar mai auduga ne da bai taɓa ganin masaƙa ba. A koma wa littattafan da aka karanta a makaranta da sabon ido, a duba yadda marubuci ya shigo da mutum cikin labari, da inda ya tsaya ya yi bayani da inda ya wuce da sauri.

Amana

Akwai iyakar da ya wajaba a kiyaye. Lura daban, bin diddigin mutane daban. Suratul Hujurat ta yi hani ga binciken asirin mutane da kuma giba, al'ada ma ta ƙyamaci mai kwashe zance daga nan ya kai can. Abokin ciniki da ya gaya maka dalilin da ya kasa biyan bashi ya faɗa maka ne a matsayin ɗan'uwa. Idan labarinsa ya fito yadda duk layin za su gane shi, an ci amana, ko da an canza suna.

Don haka a canza abin da ya fi suna: gari, sana'a, shekaru, yawan 'ya'ya. A gauraya mutum uku su zama ɗaya. A ajiye littafin inda yaron shago ko abokin aiki ba zai buɗe ba, wayar kuma a sa mata makulli. Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin nauyi, domin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da ƙa'idojin aikin gwamnati sun hana fitar da abin da ke cikin takardun ofis ba da izini ba. Yadda masinja ke riƙe fayil naka ne ka rubuta. Abin da ke cikin fayil ɗin ba naka ba ne.

Akwai kuma adalci ga wanda ake rubutawa a kansa. Mai riƙe da alƙalami yana da iko a kan wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Idan za a rubuta maigida mai tsanani, a tuna da ranar da aka ga ya biya wa yaronsa kuɗin asibiti bai gaya wa kowa ba. Wannan ya fi kusa da gaskiya, kuma labarin ya fi daɗi, domin mugun da ba shi da ko ɗigon alheri ba ya kama da kowa da muka sani.

Abin da ake bari a baya

Ko da mutum bai taɓa buga littafi ba, abin da ya tara yana da daraja. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga sannan Kete-Krachi a ƙasar Ghana ta yau har ya rasu a 1934, ya rubuta bayanai a kan sana'o'i da fatauci da zaman jama'ar ƙasar Hausa na ƙarni na 19, waɗanda masana tarihi ke dogaro da su har yanzu. Baba ta Karo ba ta yi karatun boko ba, amma abin da ta riƙe na aure da ƙawance da bauta da zuwan Turawa, wanda ta ba Mary Smith aka buga a 1954, ya zama taga mafi faɗi da ake leƙa rayuwar matan Hausa na wancan zamani. Dukansu biyu abin da kowa ke gani ya raina suka adana.

Zamaninmu ma yana wucewa da sauri. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a Janairun 2013, kuma yaron da aka haifa a shekarar bai san yadda titunan suke ba kafin A Daidaita Sahu ta mamaye su. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016, da kullen korona na 2020, da ambaliyar Kantin Kwari ta 2022, da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk jaridu sun kawo adadi da jawaban hukuma. Abin da mai rumfa ya ce wa matarsa a daren da ya koma gida hannu wofi kuwa, sai wanda yake kusa da shi ne zai iya rubutawa.

Mai sha'awar farawa ba ya buƙatar jiran sabuwar shekara ko sabuwar kwamfuta. Yau da yamma, bayan an rufe lissafi ko an kulle durowa, a ɗauko takarda a sa kwanan wata, a rubuta mutum guda da aka gani tun safe: abin da ya riƙe a hannu, abin da ya faɗa, da yadda ya fita. Gobe a ƙara wani.